Ma'anonin “whitewash” a Ingilishi, da inda “blanchir” take yaudarar mai Faransanci

Tambaya: Malam, ni da Faransanci na yi karatu a Damagaram, yanzu kuma aiki ya sa ina karanta jaridun Ingilishi, wani lokaci har in fassara labari. Kalmar “whitewash” da “whitewashing” ta hana ni sakat. Yau in gan ta a labarin gini, gobe a labarin kwamitin bincike, jibi a labarin wasanni ko na fim. Ƙamus ɗina ya ce “blanchir”. In na sa “blanchir” ko'ina na yi daidai? In kuma zan mayar da “blanchir” zuwa Ingilishi, “whitewash” zan rubuta?

Amsa: Ɗan'uwa, ƙamus ɗinka bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya ba ka. Muddin bango ake magana, “whitewash” da “blanchir à la chaux” abu ɗaya ne. Da zarar an bar bango an koma kan mutum, ko gwamnati, ko rahoton bincike, sai kalmomin biyu su raba hanya. Bafaranshe yana iya cewa wane “a été blanchi” yana nufin mutumin ba shi da laifi, gaskiya ce ta yi halinta. Mai Ingilishi ba ya faɗin “whitewash” a kan mutum da wannan niyya. Duk sa'ad da ya faɗe ta zargi yake yi: akwai datti, an san da shi, an shafa fari a kai don kada a gani. Wannan shi ne wurin da zai iya jawo maka rigima a aikin fassara, sauran masu sauƙi ne.

Bari mu fara da bangon, domin wanda ya san yadda abin yake a hannu ba zai sha wuyar gane sauran ma'anonin ba.

A asalinta “whitewash” ruwan farar ƙasa ne da ake shafa wa gini. Kalma biyu aka haɗa, “white” wato fari, da “wash”, wadda a nan ba wanki take nufi ba, shafi mai ruwa-ruwa take nufi. Faransawa suna ce wa ruwan “lait de chaux” ko “badigeon”, aikin kuma “chauler”, “badigeonner” ko “blanchir à la chaux”. Tushensa farin dutsen nan ne da ake yin siminti da shi, irin wanda ake haƙa a Malbaza da Kalambaina ta Sakkwato. In aka gasa dutsen a wuta mai zafin wajen digiri 900, iskar kabon da ke cikinsa sai ta fice, ya zama “chaux vive”, wadda Ingilishi ke ce wa “quicklime”. Wannan ba abin wasa ba ne. Yana haɗuwa da ruwa sai ya hau tafasa yana tartsatsi, shi ya sa shi ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a kwara masa ruwa a kai. In ya gama tafasa ya kwanta, ya zama “chaux éteinte”, wato “slaked lime”, kuma shi ake damawa a shafa. A jikin bango sai ya riƙa shan iskar kabon daga sarari a hankali har ya koma dutsen da ya fito. Ka ga ke nan ba bushewa kawai yake yi kamar fenti ba, ƙanƙarewa yake yi, kuma sai da danshi wannan aikin yake yiwuwa. Farar ƙasar da ake haƙowa a rami a jiƙa a shafa wa ɗaki ba ta yin haka, tana bushewa ne kurum, shi ya sa take bin rigar wanda ya jingina. Ingilishi yakan kira duka biyun “whitewash”, amma in yana son ya tabbatar maka ta gasasshen dutse ce sai ya ce “limewash”.

Magina a Faransa sun fi Ingilishi rarrabe abin, kuma da yawan ruwa suke rarrabewa. Mudu ɗaya na gari da mudu ɗaya na ruwa shi ne “chaulage”, mai kauri, na garken dabbobi da katangar gona da gindin itatuwa. Mudu ɗaya da ruwa mudu 2 zuwa 3 shi ne “badigeon”, na bangon gida. In ruwan ya kai mudu 4 zuwa 6 sai su ce “eau-forte”, in ya kai 10 zuwa 20 su ce “patine”, wadda ba ta rufe komai, haske kawai take ba bango. Mai Ingilishi da kalma ɗaya yake tafiyar da waɗannan duka. Saboda haka in kana fassara takardar gini daga Ingilishi, dubi abin da ake shafawa kafin ka zaɓi kalmar Faransanci.

Garin da ake saye a buhu don wannan aiki shi ne wanda aka rubuta wa “chaux aérienne” ko CL 90. Ana jiƙa shi ya kwana, a tace, a dama har ya yi kaurin madara. Sai a goge bango, a yayyafa masa ruwa ya sha amma kada ya riƙa zuba, sannan a shafa da babban buroshi. Shafi 3 ko 4 marasa kauri ake yi, da ratar kwana guda tsakaninsu. Kuskuren sabon hannu kusan kullum ɗaya ne: yana shafawa sai ya ga bango na hangowa ta ciki kamar bai yi komai ba, sai ya ƙara gari. Alhali haka abin yake, sai ya bushe farin ke fitowa. Mai kauri tsagewa yake yi ya ɓanɓare. Wanda aka shafa da tsakar rana ko cikin iskar hunturu yakan bushe kafin ya ƙanƙare, sai ya koma gari yana zuba, don haka da sassafe ko da yamma ake yi, a gefen da ke da inuwa. A kan fentin mai kuwa ba ya kamawa sam, saboda babu ƙofofin da zai shiga. Yana kuma cin fata, in ya faɗa ido yana iya yin ɓarna mai tsanani, sai da safar hannu da tabarau.

A wannan ma'ana babu wani aibu a kalmar. In ka karanta “whitewashed houses” a labarin tsibiran Girka ko ƙauyukan kudancin Sifaniya, yabo ne, tsabta da sanyin ɗaki ake nufi, ka sa “maisons blanchies à la chaux” ka wuce. In a takardar tallan kayan ɗaki ce, “whitewashed oak” katako ne da aka shafa wa farin fenti da aka tsinka da ruwa, aka goge, jijiyar itacen na nan ana gani. Faransawa suna cewa “chêne blanchi”.

To, ka riƙe halayen wannan shafi guda uku. Yana da araha, ana gama shi da wuri, kuma yana rufe tsaga ba tare da ya gyara ta ba. Kowa ya san yadda ake bin gindin itatuwa da duwatsun bakin hanya da farar ƙasa in babban baƙo zai zo gari. Daga nan ma'ana ta biyu ta fito. Ingilishi yana amfani da kalmar a kan gini tun ƙarshen ƙarni na 16, a tsakiyar ƙarni na 18 kuma aka fara jin ta da ma'anar lulluɓe laifi. Hoton kansa ya girmi haka, domin a Linjila, Matta 23:27, an kwatanta munafukai da kaburburan da aka shafa wa farar ƙasa, waje fes ciki ƙasusuwa. Faransanci ya riƙe wannan a “sépulcres blanchis”. Sai dai Faransanci bai bar hoton ya mamaye “blanchir” gaba ɗaya ba, ya bar ta kusa da wanki, inda tufa take fita da gaske. Ingilishi ya bar “whitewash” kusa da buroshi, inda dattin ke nan a ƙarƙashi.

Tarihin Faransa ma yana da misalin da ya fi kowanne fito da bambancin. A Disamba 1894 kotun soja ta yanke wa Kyaftin Alfred Dreyfus hukuncin cin amanar ƙasa, wai ya ba Jamus asirin soja, aka kai shi kurkukun tsibiri a Guyane. Wanda ya yi laifin da gaske wani hafsa ne, Esterhazy. Da magana ta fara fitowa, sai aka kai Esterhazy gaban kotun soja, ranar 11 ga Janairu 1898 alƙalan suka shiga shawara na 'yan mintoci suka fito suka sallame shi. Kwana biyu bayan haka marubuci Émile Zola ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙarsa ta zargi. Sai ranar 12 ga Yuli 1906 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin Dreyfus ta mayar masa da mutuncinsa. A Faransanci kana iya cewa an “blanchi” Esterhazy a 1898, an kuma “blanchi” Dreyfus a 1906, kalma ɗaya, mai karatu ne zai gane daga zancen wanne ne na gaskiya. A Ingilishi ba ka da wannan damar. Shari'ar Esterhazy ita ce “a whitewash”. Dreyfus kuwa “was exonerated” ko “was cleared”. Wanda ya rubuta “Dreyfus was whitewashed in 1906” ya ce ke nan Dreyfus maci amana ne aka rufa masa asiri, ya koma sahun maƙiyansa ba da saninsa ba.

Hausa a nan ta fi kama da Faransanci. Muna cewa kotu ta wanke wane, har mu ƙara da soso da sabulu, kuma wannan ba ya nuna an yi maguɗi. In muna son abin da Ingilishi ke nufi da “whitewash” sai mu ce an yi rufa-rufa, ko kwamitin na jeka-na-yi-ka ne, ko an yi kitso da ƙwarƙwata. Na ƙarshen nan shi ya fi kusa da ita, domin shi ma gyara ne na sama da aka yi wa ɓarnar da ke ciki.

Saboda haka in daga Faransanci kake zuwa Ingilishi, ka cire “whitewash” daga ranka duk inda hukunci ne na gaske. “Il a été blanchi par la justice” ita ce “he was cleared by the courts”. In an ce “acquitté” ko “relaxé”, duka “acquitted” ne, domin Ingilishi bai raba kotun manyan laifuka da ta ƙanana a wannan kalma ba. “Non-lieu” kuwa yana nufin ba a ma kai ga shari'a ba, sai ka ce “the case was dismissed” ko “the charges were dropped”. Lokacin da kotun duniya ta Hague ta sallami tsohon shugaban Côte d'Ivoire Laurent Gbagbo a Janairu 2019, aka kuma tabbatar da hukuncin a Maris 2021, abin da ɗan jarida zai rubuta shi ne “acquitted”. In ya sa “whitewashed” ya daina ba da labari, ya shiga zargin alƙalai, kuma irin wannan kan kai jarida kotu.

In kuma daga Ingilishi kake zuwa Faransanci, “blanchir” ita kaɗai takan yi rauni, tana zubar da zargin. Sai ka tallafe ta ko ka canza ta. “The report was a whitewash” ita ce “c'était un rapport de complaisance”, ko “le rapport ne visait qu'à étouffer l'affaire”. In mutum aka yi wa, “blanchir à bon compte” ko “chercher à disculper” sun fi. In suna ne ake gyarawa, “redorer le blason”. In labari ne aka rage wa ɗaci, “édulcorer” ko “enjoliver”. Akwai kuma wani bambanci na ginin jimla da mutane ba su cika lura da shi ba. A Faransanci mutum ake “blanchir”, ko kuɗi. A Ingilishi ana iya “whitewash” laifin kansa: “to whitewash a massacre”. Ba ka ce “blanchir un massacre” ba, sai dai “maquiller”, “minimiser” ko “passer sous silence”.

Kai da ke Damagaram ba sai an kai ka nesa ba. Ayarin sojan hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine da ya ratsa ƙasar Hausa a 1899 ya ƙone garuruwa ya karkashe mutane, Birnin Ƙonni na cikin waɗanda suka fi shan wuya. Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da su, 'yan kwanaki bayan haka sojojinsu suka kashe su biyun. Binciken da aka buɗe a Faransa an rufe shi a 1902, aka jingina abin ga haukar da zafin ƙasar ya sa musu, wadda suka raɗa wa suna “soudanite”. Ba a musa cewa an yi kisa ba, an dai samo bayanin da zai wanke soja da manufar mamaya, aka ɗora wa rana laifi. Irin wannan ne mai tarihi da Ingilishi zai kira “a whitewash”. Nan ne ma za ka ga inda ta bambanta da 'yar'uwarta “cover-up”. “Cover-up” ɓoyewa ce, a ƙone takardu, a rufe bakin shaidu, kada maganar ta fito. “Whitewash” takan zo bayan maganar ta fito, a kafa kwamiti, a yi zama, a buga rahoto mai hatimi da zai ce ba wanda ya yi laifi.

Jaridun Ingila suna son kalmar ƙwarai, kuma rahoton gwamnati ne abincinta. Ranar 30 ga Janairu 1972 sojojin Birtaniya suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Derry da ke Ireland ta Arewa, mutum 13 suka mutu a ranar. Babban alƙali Widgery ya fitar da rahotonsa a Afrilun wannan shekara, kusan duk ya wanke sojojin, kuma tun daga lokacin sunan rahoton ya manne da “whitewash”. Sai a Yuni 2010 rahoton Saville ya tabbatar cewa waɗanda aka harbe ba su yi abin da ya cancanci harbi ba, firaminista David Cameron ya nemi gafara a majalisa. A Janairu 2004, da rahoton Hutton kan mutuwar masanin makamai David Kelly ya wanke gwamnatin Tony Blair ya ɗora wa BBC laifi, jaridar The Independent ta bar yawancin shafinta na farko fari fat, da kalmar “Whitewash?” a kai. A Amurka ma, ranar 30 ga Afrilu 1973 Shugaba Nixon ya faɗa wa jama'a a talbijin cewa “there can be no whitewash at the White House”, yana wasa da sunan fadar. A Agusta 1974 badaƙalar Watergate, ta leƙen asirin 'yan adawa, wadda a kanta ya yi wancan jawabi, ta sa ya sauka.

Sauran 'ya'yan “blanchir” kuwa kowanne da tasa kalmar a Ingilishi, kuma babu “whitewash” a cikinsu. Wanda ya fi kayar da masu Faransanci shi ne “blanchiment d'argent”, halatta kuɗin haram. Wannan “money laundering” ne, daga wankin tufafi. Wanda ya rubuta “money whitewashing” a takardar banki za a gane shi, amma za a san ba ɗan gida ba ne. Shafa man bilicin “skin bleaching” ne ko “skin lightening”. Hasken haƙori “teeth whitening”. Tsoma ganye a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci “to blanch”. Gashin da ya yi furfura “goes grey”. “Blanchisserie” kuma “laundry” ce.

A shafin wasanni kalmar tana da wata ma'ana dabam da ba ta da alaƙa da maguɗi, kuma wannan ma ta daɗe, tun ƙarni na 19. “Whitewash” a nan lallasawa ce da nema, a bar abokin karawa ba ko ɗaya. An fi faɗinta a jerin wasanni, ba wasa guda ba. A gasar kurket ta Ashes, Ostiraliya ta yi wa Ingila 5 da nema a kakar 2006 zuwa 2007, ta sake a 2013 zuwa 2014, jaridu suka ce “a 5-0 whitewash”. A 1984 da 'yan West Indies na yankin Karibiyan, waɗanda yawancinsu baƙaƙe ne, suka je har Ingila suka yi mata 5 da nema, magoya bayansu suka juya kalmar suka ce “blackwash”. A gasar zari-ruga ta ƙasashe shida, ƙasar da ta sha kashi a duk wasanninta biyar an yi mata “whitewash”, kamar Wales a 2024. A al'adar Faransa wannan ce “cuillère de bois”, amma ka yi hankali, “wooden spoon” ta Ingilishi na wanda ya zo na ƙarshe ne ko da ya ci wasa ɗaya. Masu sharhin zari-ruga kuma sukan ce ɗan wasa “crossed the whitewash”, nan sun koma ma'anar farko, farin layin fili suke nufi, wato ya ci. Amurkawa sun fi cewa “sweep” ga jerin wasanni da “shutout” ga wasa guda. Abin mamaki, a nan ne kawai “blanchir” ta sake haɗuwa da “whitewash”, amma a Faransancin Kanada, inda ake cewa “blanchir l'adversaire” da “blanchissage” a wasan hoki da besbol. Mai karatu a Yamai ko Faris ba lalle ya gane wannan ba, gara ka ce “battus cinq à zéro” ko “sans gagner un seul match”.

Ma'anar da ta fi tashe a 'yan shekarun nan ita ce ta launin fata, kuma kusan kullum da siffar “whitewashing” take zuwa. A nan “white” ta tashi daga farar ƙasa ta koma farar fata. Ana nufin a ɗauki Bature a ba shi matsayin wanda ba Bature ba a fim ko wasan kwaikwayo, ko a sake rubuta labari a mayar da mutanensa Turawa. Abin ya daɗe: a 1956 John Wayne ya fito a matsayin Genghis Khan, sarkin Mongol. A 2017 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka ba Scarlett Johansson matsayin jarumar wani labarin zane na Japan. Faransa ma ta yi nata a 2010, da aka ba Gérard Depardieu matsayin marubuci Alexandre Dumas, wanda kakarsa ta wajen uba baƙar baiwa ce a ƙasar da yanzu ake kira Haiti. Jaridun Faransa a wannan ma'ana ba sa fassarawa, aron kalmar suke yi su ce “le whitewashing”, kai ma haka za ka yi. Kada ka haɗa ta da “blackface”, wadda ita ce Bature ya shafa baƙi a fuska ya kwaikwayi baƙar fata. In mujalla ta ƙara wa hoton baƙar mace haske da kwamfuta, shi ma ana ce masa “whitewashing”. In kuma aka ce wa mutum shi “whitewashed” ne, gori ne, ana nufin ya bar al'adun gidansu ya zama baƙin Bature.

Wahalar tana zuwa ne a “whitewashing history”, domin ma'ana biyu kan hau kan juna: a goge munanan ayyuka daga tarihi, ko a goge waɗanda ba Turawa ba daga cikinsa. Dokar Faransa ta 23 ga Fabrairu 2005, wadda sashe na 4 nata ya nemi makarantu su koyar da “rôle positif” na mulkin mallaka kafin a soke wannan magana a 2006, misali ce ta farko. Na biyu kuwa shi ne abin da ya faru a kakar 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka janye sojojin Afirka baƙaƙe tsakanin dubu 15 da dubu 20 daga rundunar Faransa ta Janar de Lattre, bayan sun yi yaƙi tun daga gaɓar Provence a kudancin Faransa, aka maye gurbinsu da Faransawa farare. Su kansu Faransawa “blanchiment des troupes coloniales” suke kiran abin. Cire sojojin a Ingilishi “whitening” ne. Amma mantawa da su da aka yi a hotuna da littattafan makaranta, wannan “whitewashing” ne, kuma da ma'anonin biyu a haɗe. In ka ci karo da irin wannan jimla, karanta sakin layin gaba ɗaya kafin ka zaɓi tsakanin “édulcorer” da “effacer”.

Daga wannan kalma aka yanko wutsiyar “washing” ana liƙa wa wasu. “Greenwashing”, wadda Jay Westerveld ya ƙirƙira a 1986, ita ce kamfani ya riƙa tallar kare muhalli alhali yana ɓata shi, Faransanci ya ce “écoblanchiment”. “Sportswashing” ita ce gwamnati ta gyara sunanta da ɗaukar nauyin manyan wasanni, zargin da aka yi wa Ƙatar lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022. “Brainwashing” dai ba 'yar wannan gida ba ce, daga Sinanci aka fassaro ta wajen 1950, ita ce “lavage de cerveau”. A takardun hannun jari na Landan kuma kana iya cin karo da “whitewash” ba tare da wani zargi ba: wanda hannun jarinsa ya kai kashi 30 cikin 100 na kamfani wajibi ne ya yi tayin sayen sauran, sai dai in sauran masu hannun jari sun kaɗa ƙuri'a sun yafe masa, wannan yafewar ce aka saba kira haka. A Faransanci “dérogation” ce.

Ta fuskar rubutu, kalma ɗaya ce a haɗe, ba tsaga ba ɗan layi, ana furta ta kamar “waitwosh”. In ruwan shafi ake nufi ba ta ɗaukar “a”, sai ka ce “a bucket of whitewash”. Da ka ga “a whitewash” to rahoto ne ko wasa. Hanya mafi sauri ta gane wadda ake nufi ita ce ka dubi abin da aikin ya faɗa wa: bango ko katako, shafi ne, rahoto, laifi, minista ko tarihi, rufa-rufa ce, ƙungiyar wasa, lallasawa ce, ɗan wasan fim ko matsayi a labari, launin fata ne.

Abu na ƙarshe ya shafi kanun labarai. Tunda kalmar zargi ce, jaridar da ta san aikinta ba ta faɗinta da bakinta, takan sa ta cikin alamar zance ta jingina wa wani: Families call report a ‘whitewash’. In ka fassara, kada ka yar da wannan jinginawa. Ka rubuta “les familles dénoncent un rapport de complaisance”, ko da Hausa ka ce iyalan mamatan sun ce rahoton rufa-rufa ne. In ka cire “dénoncent” ko “sun ce”, zargin ya tashi daga bakin iyalan ya dawo bakin jaridarka.